Makaman Masar masu ado da ke gidajen tarihi: na fagen fama ne ko na fada?

Malam Habibu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so mu tattauna kan makamai da kayan aikin ƙarfe na tsohuwar Masar waɗanda ake ajiye da su a gidajen tarihi na Alƙahira da Luksor da Landan da Faris da Turin. Duk wanda ya bi hotunan da ake yaɗawa zai lura cewa kusan kullum abu mai zinariya ake sakawa a gaba, wato wuƙaƙen Sarki Tutankamun guda biyu, da gatarin Sarki Ahmos, da wuƙar Gimbiya Ita. Ra'ayina shi ne waɗannan kayayyaki sun ba jama'a gurguwar fahimta game da yaƙi da sana'a a Masar, domin ba a ƙera su don a sari kowa da su ba. Ku dubi gatarin Ahmos, sarkin da ya kori Hiksos, wato baƙin da suka zo daga yankin Sham suka yi mulki, daga arewacin Masar wajen shekara ta 1550 kafin Miladiyya. Ruwan gatarin na jan ƙarfe ne da aka lulluɓe da zinariya aka jera masa duwatsu masu launi, ƙotarsa kuma ta itacen al'ul ce, ita ma an naɗe ta da zinariya. A fuska ɗaya an zana sarkin ya damƙe gashin abokin gaba zai kashe shi. Sara ɗaya a jikin garkuwa ya isa ya watsar da wannan ado gaba ɗaya. Saboda haka ina ganin kuskure ne a kira irin wannan abu makami a jera shi cikin tarihin yaƙi, alhali kayan sarauta ne.

Nura, daga Alƙahira:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Malam lafiya, amma ina da ja a kan wannan hukunci, domin ya yi faɗi da yawa. Gatarin Ahmos na fada ne, babu mai musun haka, sai dai ba duk makami mai rubutu ko zane ne aka yi don ratayewa ba. A watan Satumba na 2024 ma'aikatar kula da kayan tarihi ta Masar ta sanar da gano takobin tagulla mai ɗauke da sunan Sarki Ramsis na Biyu a Tal al-Abƙa'in da ke lardin Buhaira, kuma ba a kabarin sarki aka same shi ba, a barikin sojoji ne na tubalin laka, wanda aka gina don tsare iyakar arewa maso yamma, tare da rumbunan abinci da ɗakunan kwana. A gidan tarihin Luba na Faris ma akwai lanƙwasasshen takobin nan da ake kira kofesh mai sunan wannan sarki, kuma shi zubin tagulla ne mai ƙwari wanda kaifinsa yake a bayan lanƙwasar. Sannan ina ganin ba a yi wa gidajen tarihin adalci ba. A tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir akwai akwatunan gilashi cike da gatura da kawunan masu marasa ado ko kaɗan, amma maziyarta wucewa suke yi ba sa ko waiwaye, su tafi inda zinariya take. Mai ɗaukar hoto ne ya yi zaɓen, ba mai ajiya ba.

Malam Habibu:
Malam Nura, sunan sarki a jikin takobi yana nuna daga hannun wa ya fito, bai nuna an yi yaƙi da shi ba, kuma hafsan da aka ba wa irin wannan kyauta yana iya ajiye ta a ɗakinsa ya fita fage da wani. Wanda yake son ya ga aikin makamin yaƙi na gaskiya ya dubi gawar Sarki Sekenenre Ta'o, wanda ya mulki Tibis, wato Luksor ta yau a kudancin Masar, kafin Kamos da Ahmos. Raunukan da ke goshinsa da fuskarsa sun yi daidai da bakin siraran gatura irin na Hiksos waɗanda aka tono a Tal al-Dab'a, tsohon birninsu na Abaris, kuma hoton cikin gawar na na'urar asibiti da masana Zahi Hawas da Sahar Salim suka wallafa a 2021 ya ƙara fito da wannan. Gaturan da suka yi wannan ɓarna ba su da zinariya.

Alhaji Garba Maƙeri:
Ina yi wa malamai sallama. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma a maƙera na tashi, kuma ina so in ce ku biyun kun tsaya a kan mai riƙe makamin kun bar wanda ya ƙera shi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a gaturan Masar shi ne yadda ake haɗa ruwa da ƙota. A wajenmu ana huda kan ƙota a cusa wutsiyar gatarin a ciki, su kuma sai su fitar wa ruwan da kunnuwa biyu a bayansa, su zaunar da shi a tsagin itacen, su ɗaure da ɗanyar fata wadda idan ta bushe take ƙara matsewa. Maƙwabtansu na Sham da Iraƙi sun daɗe suna zuba gatari mai rami a jikinsa inda ƙota za ta shiga, amma maƙeran Masar suka zauna a kan ɗaurin fatarsu ƙarni bayan ƙarni. Wannan ya nuna mini mutane ne masu riƙon abin da suka gada.

Game da ado kuwa, akwai wata hujja da ta fi zinariya ƙarfi wajen goyon bayan maganar Malam Habibu. Akwai gatura da aka huda tsakiyar ruwansu aka fitar da siffar dabbobi, wani zaki ya kama barewa, wani kuma da ke gidan tarihin Birtaniya mutum ne a kan doki. Duk maƙeri ya san cewa idan ka cire nama daga tsakiyar ruwa ka rage masa nauyin da yake sara da shi, kuma ka buɗe masa hanyar karyewa. Wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi, ya kuma san ba za a kai shi daji ba. Amma don ba a yi yaƙi da shi ba, bai kamata a raina shi ba, domin zuba wannan siffa ba tare da ƙarfen ya yanke a siraran wurare ba ya fi ƙera gatura hamsin na sara wahala. Abin da yake mini ciwo shi ne sunan sarki yana jikin kayan, sunan maƙerin kuwa babu. Na ji cewa akwai wani tsohon rubutu nasu da uba yake kwaɗaita wa ɗansa aikin magatakarda, inda ya ce ya ga maƙeri a bakin wutarsa, yatsunsa sun zama kamar fatar kada, yana wari fiye da ƙwan kifi. Ashe raina mai sana'a tsohon ciwo ne.

Injiniya Bashir:
Baba Alhaji, ranka ya daɗe, rubutun da ka ambata gaskiya ne, na zamanin Daula ta Tsakiya ne, wato kafin zuwan Hiksos, kuma ɗaliban magatakarda sun yi ta kwafarsa shekaru aru-aru. Ina so in ƙara bayani kan ƙarfen kansa, domin shi ne yake warware dalilin da ya sa kaya masu ado suka fi yawa a idonmu. Masarawa sun fara da jan ƙarfe, wanda sau da yawa yake ɗauke da ɗan sinadarin asenik da ke ƙara masa tauri, suna samo shi daga Sina'i da hamadar gabas, daga baya kuma daga tsibirin Ƙubrus. Tagulla, wato jan ƙarfe da aka gauraya da kuza, ba ta zama ruwan dare ba sai a Sabuwar Daula, wato zamanin da ya fara daga mulkin Ahmos, saboda kuzar daga nesa take zuwa. Jirgin ruwan da ya nitse a Uluburun kusa da gaɓar Turkiyya a ƙarshen ƙarni na 14 kafin Miladiyya yana ɗauke da kimanin tan 10 na jan ƙarfe da tan 1 na kuza, wato daidai ma'aunin da ake haɗa tagulla mai kyau da shi. A kabarin waziri Mereruka da ke Saƙƙara, wanda ya daɗe ƙwarai kafin wannan zamani, an zana maƙera suna hura wuta da baki ta cikin dogayen bututu, amma a kabarin waziri Rekmire na zamanin Tutmos na Uku an riga an koma zuga-zugin fata da ake takawa da ƙafa ana ɗaga shi da igiya.

To ƙarfe mai wannan tsada ba a yar da shi. A Dair al-Madina, ƙauyen ma'aikatan da suka sassaƙa kaburburan Kwarin Sarakuna, hukuma ce take ba da ƙarafan sassaƙa dutse, magatakarda yana auna nauyin kowane ɗaya ya ajiye dutsen awo daidai da shi, kuma idan bakinsa ya dakushe a karɓa a mayar wa maƙeri ya gyara ko ya narkar. Haka mashin soja da gatarinsa suke komawa wuta su zama wani abu dabam. Abin da ya tsira shi ne wanda aka binne da mai shi, kuma wanda ake binnewa da ƙarfe mai yawa babban mutum ne. Kafin mai gidan tarihi ko mai hoto su yi nasu zaɓen, kabari ya riga ya yi nasa.

Malama Rabi:
Ina godiya da wannan bayani na Injiniya. Ni kuma inda na saɓa da Malam Habibu shi ne cewarsa a fitar da waɗannan kaya daga tarihin yaƙi. A ganina suna cikinsa tsundum, sai dai ba ta fuskar sara da suka ba. Gatarin Ahmos ba a kabarinsa aka same shi ba, an same shi ne a 1859 a Dira Abu al-Naga cikin akwatin gawar Sarauniya Ahhotep, tare da wuƙaƙe da sarƙar zinariya mai manyan ƙudaje uku. A wani allon dutse da Ahmos ya kafa a Karnak ya yabi mahaifiyarsa Ahhotep da cewa ta kula da sojojin Masar, ta dawo da waɗanda suka gudu, ta kwantar da tarzomar kudu. Masana suna da saɓani kan ko sarauniya ɗaya ce mai wannan suna ko biyu, wasu kuma suna ja da cewa ƙudajen lambar yabo ce ta soja a wannan lokacin, amma babu mai musun cewa an binne mace da kayan yaƙi na sarauta a daidai zamanin da ake fafatawa da Hiksos. Sannan muna da shaidar wani jarumi mai suna Ahmos Fen-Nekbet, wanda ya lissafa a kabarinsa da ke al-Kab kyaututtukan da sarakuna suka ba shi saboda yaƙi, kuma cikin abin da Tutmos na Ɗaya ya ba shi akwai ƙudaje 6 da zakuna 3 da gatura 2, duk na zinariya. Ke nan gatarin zinariya lada ne na wanda ya yi aiki da gatarin tagulla, ba za a raba tarihinsu ba.

Adon kansa ma takarda ce ga mai iya karantawa. A ƙasan hoton sarki a gatarin Ahmos akwai wata dabbar almara mai jikin zaki da kan tsuntsu, kuma yadda aka zana fukafukanta salon mutanen tsibirin Kirit ne da ke tekun Bahar Rum, ba na Masar ba. A tsakiyar ruwan wuƙar da aka samu tare da shi an zana zaki ya miƙe da gudu yana bin ɗan maraƙi, ga fara guda huɗu a gabansu, kuma wannan salon gudu da ƙafafu a miƙe shi ma daga can tekun yake. Wuƙar Gimbiya Ita kuma, wadda mai tonon kayan tarihi Jak de Morgan ya tono a Dahshur tsakanin 1894 da 1895 kusa da dalar Amenemhat na Biyu, kan ƙotarta na shuɗin dutsen lazuli ne wanda asalinsa daga Afganistan yake zuwa. Gatari marar ado ba zai gaya mana da wa Masar take hulɗa ba, mai adon ne yake faɗa.

Malam Sale:
Ina da tambaya ga Injiniya kafin a wuce. Ana yawan yaɗa hoton wuƙar Tutankamun ta baƙin ƙarfe tare da aya ta 25 ta Suratul Hadid, inda Allah Maɗaukaki ya ce ya saukar da baƙin ƙarfe, ana cewa wuƙar daga sama ta faɗo. Ina so in san iyakar abin da bincike ya tabbatar.

Injiniya Bashir:
Allah ya gafarta Malam. Ƙarfen wuƙar ne ya fito daga dutsen da ya faɗo daga sararin samaniya, kuma wannan ya tabbata. Baturen Ingila Howad Kata ya gano kabarin Tutankamun a Nuwamba 1922, amma sai a 1925 da aka warware likkafanin aka ga wuƙar a kan cinyar dama ta sarkin, ɗayar wuƙar, wadda aka ƙera ruwanta da zinariya, kuma a kan cikinsa. A 2016 masu bincike daga Italiya da Masar, ƙarƙashin Daniyela Komelli, suka auna ruwan da na'urar da ba ta taɓa jikin ƙarfe, suka sami nikel kusan kashi 11 cikin 100 da ɗan kobalt, alhali ƙarfen da aka narkar daga tama ba ya kai wannan adadi na nikel. A 2022 wasu masu bincike daga Japan suka nuna cewa an ƙera ta da wuta mai sauƙi da ba ta kai digiri 950 ba, domin zanen halitta da ke cikin jikin irin wannan dutse, wanda wuta mai tsanani take gogewa, bai goge ba. Sun kuma karkata ga cewa ba a Masar aka yi ta ba, suna dogara da irin abin da aka manna duwatsun ƙotar da shi, da kuma wata wasiƙa cikin wasiƙun sarakuna da aka tono a Amarna, inda Tushratta sarkin Mitanni, wata daula ta arewacin Sham, ya lissafa wuƙar baƙin ƙarfe mai ƙotar zinariya cikin kyautar da ya aika wa sarkin Masar Amenhotep na Uku. Wannan ɓangare na biyu hasashe ne mai ƙarfi, bai kai matsayin na farko ba. Kuma ba ita ce ta farko ba, domin ƙananan duwatsun wuya na baƙin ƙarfe da aka tono a Jirza a 1911, waɗanda suka kai kimanin shekara ta 3200 kafin Miladiyya, su ma daga irin wannan dutse aka buga su.

Malam Sale:
Madalla, na gode. Abin da zan ƙara shi ne malaman tafsiri da dama sun fassara saukarwar da ke ayar da ma'anar halitta da samarwa, kamar yadda ya zo game da dabbobin ni'ima a Suratuz Zumar. Saboda haka ya kamata masu yaɗawa su yi hattara, kada su rataya ma'anar aya a kan wuƙa ɗaya.

Aminu:
Ina neman izinin manya in kawo wani gefe. Duk wannan bayani yana ambaton Landan da Faris da Turin, kuma ni ban ga dalilin da zai sa gatari mai sunan Sarki Kamos ya zauna a Ingila ba. Jamus ta fara mayar wa Nijeriya da kayan tagullar Benin a Disamba 2022, me zai hana a yi wa Masar haka?

Nura, daga Alƙahira:
Ɗan'uwa Aminu, buƙatarka tana da tushe, sai dai hanyoyin fitar kayan ba iri ɗaya ba ne. Na Benin ganima ce ta harin sojojin Birtaniya na 1897. Na Masar kuwa wasu an sace, wasu an saya daga dillalai, wasu kuma sun fita ta tsarin rabon abin da aka tono tsakanin gwamnatin Masar da masu tonon, tsarin da aka yi shi lokacin da Turawa ne ke shugabantar hukumar kayan tarihin ƙasar, don haka halaccinsa ma abin tattaunawa ne. Dokar 1983 ce ta tabbatar da cewa kayan tarihi mallakar ƙasa ne ta kuma haramta cinikinsu. Abin lura shi ne mafi darajar makaman da muka ambata suna Masar. Kayan Ahhotep sun sha da ƙyar, domin gwamnan Ƙina ya fara kwashe su, aka yar da gawar, sai da Ogus Mariyet, Bafaranshen da ke shugabantar hukumar kayan tarihi a lokacin, ya tare jirgin da ke ɗauke da su a Kogin Nilu. Da aka kai su baje kolin Faris a 1867 matar Sarkin Faransa ta nuna tana so, mai mulkin Masar Kidiwi Isma'il ya mayar da maganar ga Mariyet, shi kuma ya ƙi. Kayan Tutankamun ba a raba su ba, har ma gidan tarihin Metropolitan na Amurka ya amince a 2010 ya mayar da ƙananan abubuwa 19 da aka gano daga kabarin suka fito, kuma yanzu tarin yana Babban Gidan Tarihin Masar da ke Giza.

Malam Habibu:
Hujjar Malama Rabi game da Fen-Nekbet tana da nauyi, amma ina nan a kan cewa dole gidajen tarihi su rubuta ƙarara a jikin kowane abu ko na aiki ne ko na alama, musamman a kayan sana'a inda ruɗanin ya fi yawa. A ƙarƙashin haikalin Sarauniya Hatshefsut da ke Dair al-Bahari an tono ramuka da aka binne ƙananan gizago da gatura da wasu kayan gini masu ɗauke da sunanta, kuma da yawansu suna gidan tarihin Metropolitan. Waɗannan ba su taɓa sassaƙa komai ba, an yi su ne don bikin aza harsashi. A gefe guda kuma ga kabarin Ka, shugaban magina, wanda Ernesto Skiyafarelli ya samu a 1906 ba a taɓa shi ba, kayansa suna Turin. A ciki akwai asake na tagulla da gizago da ma'aunin kamu na katako mai naɗewa wanda ya yi aiki da shi, ga kuma wani ma'aunin kamu da aka lulluɓe da zinariya, kyautar Amenhotep na Biyu. Mutum ɗaya, ma'auni biyu, kuma maziyarcin da ba a yi wa bayani ba zai ɗauka da na zinariyar ake auna bango.

Alhaji Garba Maƙeri:
Malam Habibu, idan ba a rubuta ba, ƙarfen da kansa yana faɗa ga wanda ya san inda zai duba. Tagullar da aka yi don aiki sai an bi bakinta da guduma bayan zubi domin ta yi tauri, sannan a wasa ta, kuma wanda aka daɗe ana wasawa bakinsa yana cinyewa ta gefe ɗaya ya bar daidaito. Saboda haka, Nura ɗana, idan ka sami zuwa sabon gidan tarihin ina roƙonka ka tsaya a gaban lanƙwasassun takubban Tutankamun guda biyu, babba da ƙarami, ka ɗauko mana hoton bakinsu daga kusa ta gefe, ba daga gaba ba. Ka kuma nemi gatari ko gizago wanda ɗaurin fatarsa na asali yake nan, ka ɗauki bayan ƙotar inda aka tufke ɗaurin, domin ina so in ga ta yadda suke saƙa shi har ya riƙe ruwan ba tare da ƙusa ba.